Daga New York zuwa Durham: Bin Sawun Katunan da Aka Cusa a Kwalin Sigari

Gidan tarihin Metropolitan da ke kan titin Fifth Avenue a birnin New York wuri ne da jama'a ke tururuwa don ganin kayan Masar ta dā da ayyukan manyan masu zane na Turai, kuma da wuya baƙo ya shiga cikinsa da niyyar neman wani guntun kwali wanda tsawonsa bai wuce na ɗan yatsa ba. Ni kuwa shi na je nema, a ƙarshen lokacin zafi, tare da ɗan ƙanena mai shekara 12 wanda aka haifa a unguwar Bronx, kuma ya fi ni sanin wasan besbol nesa ba kusa ba. Ga wanda bai san wasan ba, ƙungiyoyi biyu ne ke karawa, kowacce da mutum tara a fili, ɗaya ya jefo ƙwallo, abokin hamayya ya maka mata kulki, sa'annan ya ruga ya zagaya tashoshi huɗu kafin a dawo da ita. Amurkawa sun ɗauke shi wasan gado, kuma tun kafin a san rediyo ko talabijin yaransu suka san fuskokin gwanayensa, ta hanyar waɗannan katuna da kamfanonin taba suka riƙa cusawa a cikin kwalin sigari.

Katunan da muka tarar a wani bene na ɓangaren fasahar Amurka duk daga taskar mutum ɗaya suka fito, wato Jefferson Burdick, ma'aikacin wani kamfanin kayan lantarki a garin Syracuse, wanda aka haifa a 1900. Ba attajiri ba ne, amma ya ƙarar da rayuwarsa wajen tara katunan talla iri-iri har suka haura 300,000, kusan 30,000 daga ciki na besbol. A 1947 ya yi wa gidan tarihin tayin ba shi su kyauta, sai mai kula da sashen hotunan bugu, A. Hyatt Mayor, ya amince bisa sharaɗin cewa Burdick ne da kansa zai tsara su. Ya yi shekaru yana aikowa da su kashi-kashi, daga baya ya tattara ya koma New York, ya zauna a kan wani ɗan teburi cikin ginin yana manna su ɗaya bayan ɗaya a kundaye, alhali ciwon amosanin gaɓɓai ya riga ya lanƙwashe masa yatsu. Ya kammala aikin a Janairun 1963, ya kwanta asibiti, ya rasu a watan Maris na shekarar. Shi ne kuma ya ƙirƙiro tsarin haruffa da lambobi da masu tara kati ke aiki da shi har yau, inda N ke nufin katin taba na ƙarni na 19, T kuma na ƙarni na 20. Saboda haske yana kashe launin takarda, ba a baje su gaba ɗaya. Kaɗan ake fitarwa, bayan wasu watanni a mayar da su a fito da wasu.

Na fi daɗewa a gaban katunan tabar Old Judge, waɗanda kamfanin Goodwin na New York ya fitar daga wajen 1887 zuwa 1890. Hotuna ne na gaske, masu launin ƙasa-ƙasa, an manna su a kan kwali mai kauri, kuma sun ƙunshi 'yan wasa sama da 500. A ɗaya daga ciki, wani mutum mai ƙasaitaccen gashin baki ya durƙusa da gwiwa ɗaya, ya buɗe tafukansa yana jiran ƙwallon da ke tsaye a iska, a bayansa kuma ga labule da aka zana wa itatuwa da shinge. Ina cikin kallo yaron ya ja hannun rigata ya ce, "Baffa, dubi zaren!" Da na matsa kusa da gilashin sai na hango shi, siriri, ya sauko daga sama ya riƙe ƙwallon. Kyamarar wancan zamani ba ta iya kama abu mai motsi, don haka a ɗakin ɗaukar hoto ake shirya komai, ɗan wasa ya sandare kamar yana tsakiyar fili, har mai hoto ya gama. A ƙasan hoton ga sunan mutumin da ƙananan haruffa, ga sunan tabar da haruffan da suka fi su girma.

Asalin abin ba shi da alaƙa da wasa ko kaɗan. Kwalin sigari na lokacin takarda ce mai laushi, karare suna karyewa a aljihu, sai aka riƙa sa guntun kwali a ciki don ya tokare su. Da 'yan kasuwa suka ga fili a banza, sai suka fara buga hoto a fuska ɗaya, talla a ɗaya fuskar, suka kuma jera hotunan rukuni-rukuni, ta yadda duk wanda ya samu guda biyar zai ji ba shi da kwanciyar hankali sai ya cike hamsin, kuma ba zai cike ba sai ya ci gaba da sayen wannan tabar ita kaɗai. An buga tutocin ƙasashe, da tsuntsaye, da jiragen ruwa, da sarakunan 'yan asalin ƙasar, da 'yan matan dandalin wasan kwaikwayo. An taɓa amfani da 'yan besbol wajen talla tun kafin haka, domin a 1869 kantin kayan wasa na Peck & Snyder ya buga hoton ƙungiyar Cincinnati Red Stockings, wadda ita ce ta farko da ta fito fili tana biyan dukkan 'yan wasanta albashi. Sai dai wancan kantin ƙwallo da kulki yake sayarwa, abin da ɗan wasa ke riƙewa a hannu. Kamfanonin taba ne suka fara ɗaukar fuskar ɗan wasa su liƙa ta a jikin hajar da ba ta da wani amfani ga wasan.

Mun yi sa'a a ranar an fito da katin da kowa ke tambaya, na Honus Wagner, gwanin ƙungiyar Pittsburgh Pirates, daga rukunin T206 da kamfanin American Tobacco ya rarraba tsakanin 1909 da 1911. Rukunin yana da katuna 524, faɗin kowanne bai kai santimita 4 ba, tsawonsa bai kai 7 ba. Wagner yana sanye da riga ruwan toka mai wuya a rufe, ya raba gashinsa a tsakiya, mai bugu ya ƙara masa ja a kumatu, bayansa kuma launi ne tsakanin rawaya da ruwan goro. Waɗanda suka rage a duniya ba su wuce 50 zuwa 60 ba. Burdick ya yi masa kuɗi dala 50 a littafinsa na jerin katuna, a lokacin da yawancin sauran katunan ba su kai dala ɗaya ba. A 1991 ɗan wasan hoki na ƙanƙara Wayne Gretzky da abokin cinikinsa Bruce McNall sun sayi guda a gwanjo kan dala 451,000, daga baya wani dillali, Bill Mastro, ya amsa a gaban kotu cewa ya datse gefunan wannan katin don ya yi kama da sabo. A 2021 an sayar da wani kan dala miliyan 6.6, a 2022 kuma wani ya kai miliyan 7.25. Ɗan ƙanena ya san waɗannan alƙaluma da ka, amma da na tambaye shi a cikin me aka fara samun katin, sai ya ce a fakitin cingam. Bai san cewa yawancin waɗanda suka rage suna ɗauke da tallan sigarin Sweet Caporal a bayansu ba, 'yan kaɗan kuma na Piedmont, domin fuskar katin kawai ake nunawa a gilashi da kuma a intanet.

Dalilin ƙarancin katin shi ne Wagner ya ƙi ba da izini, aka dakatar da bugawa tun ba a yi nisa ba. Tun 1903 jihar New York ta kafa doka cewa ba a sa hoton mutum a talla sai da rubutaccen izininsa, don haka kamfanin ya riƙa bin 'yan wasa ta hannun 'yan jarida yana karɓar sa hannu. Jaridar Sporting News ta ba da labari a 1912 cewa an yi wa wani marubucin wasanni na Pittsburgh, John Gruber, alkawarin dala 10 in ya samo izinin Wagner, sai Wagner ya ƙi, ya kuma aika masa da cakin dala 10 daga aljihunsa don kada ya yi asara. Iyalin Wagner sun tsaya a kan cewa ba ya son yara su sayi sigari saboda hotonsa. Wasu masu bincike kuma suna ganin batun kuɗi ne, suna kafa hujja da cewa shi kansa mai tauna taba ne, kuma tun 1905 ya sa hannu da masu ƙera kulkin Louisville Slugger don a buga sunansa a jiki, ke nan ya san darajar sunansa a kasuwa. A ganina dalilan biyu ba su kore juna ba, kuma kowanne aka ɗauka abin girmamawa ne. Mutum yana iya shan taba ya kuma ƙi a yi amfani da shi wajen koya wa ɗan wani, haka nan yana da haƙƙin ya ƙi sayar da fuskarsa a farashin da wani ya yanka masa.

Sai an san matsayin ɗan wasa a wancan zamani za a gane nauyin wannan ƙin. Tun 1879 masu ƙungiyoyi suka ƙulla wata ƙa'ida da ta ɗaure ɗan wasa ga ƙungiyarsa, ba shi da ikon komawa wata sai in an sayar da shi ko an sallame shi. A 1887 Chicago ta sayar da King Kelly ga Boston kan dala 10,000, kuɗin kuma aljihun masu ƙungiya suka shiga. Masu fili suna cin kuɗin ƙofa, masu taba suna cin kuɗin hoto, abin dai ya zama kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Sai a 1953, a shari'ar da aka yi tsakanin kamfanonin cingam biyu masu buga kati, Haelan da Topps, wata kotun tarayya ta tabbatar da cewa hoton mutum dukiyarsa ce da zai iya sayarwa ko ya hana, kuma sai a 1968 ƙungiyar 'yan wasa, ƙarƙashin Marvin Miller, ta tilasta wa Topps biyan kaso daga cinikin katunan.

Daga New York na kama jirgin ƙasa ni kaɗai na yi kudu, ta Philadelphia da Baltimore da Washington, na yada zango a Richmond, babban birnin jihar Virginia. A gefen kogin James akwai dogon layin gine-ginen jan bulo, tsofaffin masana'antu da sito-sito na taba, waɗanda yanzu an mayar da su gidajen haya masu tsada, sunayen tsofaffin kamfanoni suna nan a bango fenti ya kode. A wannan gari kamfanin Allen & Ginter ya yi zamaninsa, kuma shi ya fitar da katunan da na fi ganin kyansu a duk tafiyar, wato rukunin zakarun duniya na wajen 1888, guda 50 masu launi, goma daga ciki 'yan besbol irin su Cap Anson da King Kelly da Charles Comiskey, sauran kuma 'yan dambe da 'yan kokawa da masu tseren kwalekwale da gwanayen harbi irin su Annie Oakley. Sunan Lewis Ginter, ɗaya daga masu kamfanin, yana nan a kan lambun shuke-shuken birnin, kuma shi ya gina otal ɗin Jefferson a 1895. A wancan zamani kamfaninsa yana da mata sama da dubu masu naɗa sigari da hannu, ya kuma sa kyautar dala 75,000 ga duk wanda ya ƙera injin da zai yi aikin. Wani saurayi ɗan jihar, James Bonsack, ya ƙera, ya yi masa rajista a 1881, amma da kamfanin ya gwada sai ya ajiye shi, saboda yawan lalacewa da kuma tsoron kada masu saye su ƙi abin da inji ya naɗa.

Wanda ya ɗauki injin yana can gaba a Durham, jihar Arewacin Carolina, inda tashar jirgin kanta tsohon siton taba ce. Washegari na ɗauki mota zuwa tsohon gidan gonar iyalin Duke, wanda jihar ta mayar gidan tarihi. Ƙaramin gida ne na katako fari, a gefensa ga ɗakin gasa ganye da aka gina da gungumen itace, ga wata 'yar bukka inda Washington Duke da 'ya'yansa suka fara sana'ar bayan ya dawo daga yaƙin basasa a 1865, suna bugun busasshen ganye da sanda, su tankaɗe, su ɗura a 'yan jakunkuna. Mai yi mana bayani ta ciro ganye ɗaya daga damin da ke rataye ta miƙo mini. Launinsa kamar zinariya, yana da santsi da ɗan danƙo a yatsa, ƙamshinsa kuma mai zaƙi ne, babu kama ko kaɗan da warin hayaƙin da muka sani. Ta ce a 1839 wani bawa mai suna Stephen, a gonar Abisha Slade da ke yankin Caswell, barci ya kwashe shi wutar gashi ta kusa mutuwa, ya farka ya zuba gawayi a gaggauce, zafin da ya tashi farat ɗaya ya mayar da ganyen rawaya. Irin wannan ganye mai laushi, wanda ake iya zuƙar hayaƙinsa har cikin huhu, shi ne ya zama ginshiƙin sigarin Amurka.

Ɗan gidan, James Buchanan Duke, ya kawo injin Bonsack masana'antarsa a 1884, ya sa makaniki ya zauna a kansa har ya daidaita. Ƙwararriyar mai naɗi da hannu tana yin kusan kara huɗu a minti ɗaya, injin kuwa yana yin 200, wato 120,000 a aikin awa goma. A nan ne na fahimci ainihin tushen katunan da na gani a New York. Amurkawan lokacin tauna taba suke yi, ko su sha lofe ko sigar mai kauri, sigari kuwa ana yi masa kallon abin raini. Duke ya wayi gari da kayan da suka ninka masu saye, don haka dole ya ƙirƙiro masu sayen, kuma a 1889 kaɗai ya kashe kusan dala 800,000 a kan talla. Abokan hamayyarsa suka bi sahu ba don suna so ba, kowa yana ƙoƙarin fitar da katin da ya fi na wani ɗaukar ido. Har mahaifinsa, wanda mutum ne mai riƙo da cocinsa, ya rubuta masa wasiƙa a 1894 yana roƙonsa ya daina sa hotunan mata marasa kamun kai a cikin kwalaye.

Hujjar da ta fi gamsar da ni cewa katunan na kasuwar taba ne, ba na wasa ba, ita ce yadda suka ɓace. A 1890 Duke ya haɗe manyan kamfanoni biyar, nasa da Allen & Ginter da Goodwin da Kinney da Kimball, suka zama American Tobacco, wanda ya mallaki kusan kashi 90 cikin 100 na cinikin sigari a ƙasar. Da hamayya ta ƙare, kashe kuɗi a kan kati ya zama asara, sai aka daina, in ban da 'yan tsiraru daga ƙananan kamfanoni. Wasan bai rage farin jini ba, yaran ba su daina so ba, amma aka yi kusan shekara 20 babu wani babban rukunin katunan besbol. Sun dawo ne a 1909, bayan gwamnati ta maka kamfanin a kotu a 1907 bisa zargin babakere, a daidai lokacin da sigari mai ɗanɗanon tabar Turkiyya ke ƙwace masa kasuwa.

Dawowar ta zo da ƙarfi, domin an sa katunan T206 a cikin nau'o'in taba kusan 16 na kamfanin. Jaridun Arewacin Carolina na wannan shekara sun ba da labarin yaran da ke tsayawa a ƙofar kantuna suna roƙon manya su ba su katin da ke cikin kwalinsu, da waɗanda ke haɗa kuɗi su saya da kansu, da waɗanda ke caca da katunan a bakin titi. Ba za a ce kamfanin bai san abin da ke faruwa ba, domin a lokacin ana tsakiyar gwagwarmayar hana yara sigari, wadda Lucy Page Gaston ta jagoranta daga Chicago, har jihohi 15 suka haramta sayar da shi a lokuta daban-daban. Babban mutum ba ya bukatar hoton ɗan wasa kafin ya sayi abin da ya riga ya saba da shi. Wanda hoton ke kira shi ne yaron da bai fara ba. A ranar 29 ga Mayun 1911 Kotun Ƙolin Amurka ta ba da umarnin a wargaza kamfanin, aka raba shi tsakanin American Tobacco da Liggett & Myers da Lorillard da R. J. Reynolds. A 1913 Reynolds ya fito da sigarin Camel, ya rubuta a bayan kwalin cewa kada mai saye ya nemi wata kyauta a ciki domin kuɗin ya tafi wajen ingancin ganye, cinikinsa ya bunƙasa, sauran suka kwaikwaya, zamanin katin taba ya ƙare. Daga nan masu alewa da masu cingam suka gaje shi, irin su Goudey a 1933 da Topps a farkon shekarun 1950, kuma shi Topps ɗin 'ya'yan wani dillalin ganyen taba ne suka kafa shi a Brooklyn a 1938.

Akwai wani abu da ya tsaya mini a rai tun a gidan gonar. A cikin katuna 524 ɗin nan babu baƙar fata ko ɗaya, domin an rufe musu ƙofar manyan ƙungiyoyi tun bayan Moses Fleetwood Walker da ya buga wa Toledo a 1884, ba a sake buɗewa ba sai da Jackie Robinson ya shiga Brooklyn Dodgers a 1947. Amma a gonaki da masana'antun Durham, baƙaƙen fata ne ke yin aikin da ya fi wahala, musamman matan da ke zare jijiyar ganye cikin zafi da ƙura a kan albashi mafi ƙanƙanta. Guminsu yana cikin kowane kwali, fuskarsu ba ta kan kowane kati.

Tsohuwar masana'antar American Tobacco tana tsakiyar gari. An rufe ta a 1987, aka sake buɗe ta a 2004 a matsayin ofisoshi da gidajen cin abinci, an bar dogon bututun hayaƙi da tankin ruwa masu ɗauke da tambarin sigarin Lucky Strike, an kuma haƙa ɗan rafi yana ratsa tsakar gidan. Can a jami'ar Duke, wadda ta karɓi sunan a 1924 bayan iyalin sun ware dala miliyan 40 a asusun taimako, mutum-mutumin James Duke yana tsaye a gaban cocin jami'ar da sigarsa a hannu. Tsallaken titi daga masana'antar kuma ga filin wasan ƙungiyar Durham Bulls, wanda aka buɗe a 1995, kuma a nan na shiga kallo da yamma. Ƙungiyar ta fara ne a 1902 da sunan Durham Tobacconists, wato masu sana'ar taba. A saman bangon hagu akwai ƙaton allon bijimi, wanda in ɗan gida ya doka ƙwallo ta fita fili idanunsa ke yin ja, hayaƙi ya fito ta hancinsa, jelarsa ta riƙa kaɗawa, an kuma rubuta cewa wanda ya sami bijimin da ƙwallo zai ci gasasshen nama kyauta. Yara suna ta ihu suna nuna shi da yatsa. Bijimin nan jikan tambarin tabar Bull Durham ne, wadda a shekarun katunan T206 ta kafa irin wannan allo a filayen wasa da dama a faɗin ƙasar, tana ba da dala 50 ga duk ɗan wasan da ya doke shi.

Barin kati bai sa taba ta bar wasan ba, hanya kawai ta sauya. A shekarun 1930 Camel ta yi talla da Lou Gehrig da wasu gwanaye tana cewa ba ta rage wa ɗan wasa numfashi, a shekarun 1940 kuma tabar Old Gold ta ɗauki nauyin watsa wasannin Dodgers a rediyo, tabar Chesterfield ta ɗauki na ƙungiyar Giants. Rahoton babban likitan gwamnati na 1964 ya tabbatar da alaƙar sigari da sankarar huhu, aka hana tallansa a rediyo da talabijin daga Janairun 1971, sai kamfanonin suka koma ɗaukar nauyin gasar tanis ta mata da tseren motoci, suna kuma kafa allunansu a daidai inda kyamara ke kallo a filin wasa. An ci gaba da toshe ƙofofin ɗaya bayan ɗaya, da yarjejeniyar 1998 tsakanin kamfanonin da jihohi 46, da ƙa'idar 2010 da ta hana sa sunan taba a kan kowace gasa. Tony Gwynn na San Diego, wanda ya lashe kambun gwanin duka sau takwas kamar yadda Wagner ya yi, ya rasu a 2014 yana da shekara 54 da sankarar da ta kama shi a gefen baki, kuma shi da kansa ya ɗora alhakinta a kan tabar da ya yi shekaru yana dasawa a kunci. Sai a 2016 aka haramta ta ga sababbin 'yan wasan manyan ƙungiyoyi.

A kujerar da ke kusa da tawa akwai wani dattijo baƙar fata da jikokinsa biyu, wanda ya ce mini ya yi aiki a ɗaya daga masana'antun garin har aka rufe ta. Na gaishe shi da girmamawa, hira ta yi nisa. Ya ce da kuɗin taba ya sayi gida ya kuma kai 'yarsa jami'a, ya ce a duk ranar biyan albashi garin nan cika yake yi, sa'annan ya ƙara da cewa ciwon huhu ne ya ɗauke wansa, kuma bai yarda ko ɗaya daga jikokinsa ya kusanci abin ba. Bai ga wani saɓani tsakanin maganganun biyu ba, ni ma ban ga dalilin yi masa musu ba. Da ya ji daga inda na fito, sai ya tambaye ni ko mu ma muna noman taba. Na ce masa ƙwarai, na ba shi labarin masana'antar sigari ta Zariya da manoman karkarar Zazzau da suka yi shekaru suna kai mata ganye, na kuma gaya masa cewa babban kamfanin da ke riƙe da kasuwarmu, British American Tobacco, an kafa shi ne a 1902 bayan American Tobacco da Imperial na Birtaniya sun yi sulhu sun raba kasuwannin duniya a tsakaninsu, kuma James Duke na garinsu ne shugabansa na farko. Ya yi mamaki, ya ce shekarunsa duka a Durham bai taɓa jin haka ba.

Ya sake tambaya ko yara suna samun saye a wurinmu. Na ce dokar 2015 ta hana talla, ta hana kamfanonin ɗaukar nauyin wasanni da bukukuwa, ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta kuma hana sayar da kara ɗaiɗai, amma har yanzu mai tebur a bakin layi yana jera kwalayen a gefen alewa da biskit, a daidai tsayin idon ɗan firamare, kuma manya suna aiken yara su sayo musu. Dattijon ya ce shi ma aike ne ya fara kai shi kantin taba yana ɗan shekara tara, kuma mai kantin bai taɓa tambayarsa ko na wane ne ba.